Ranar da Lorne Ya Nemi Gola

Mijin 'yata Corinne, wato Lorne Fedoruk, shekara goma sha ɗaya ya yi yana manajan wata ƙungiyar hoki, wasan sanda a kan ƙanƙara, da babu ita a duniya. Sunanta Kyarketai. Ba ta da filin ƙanƙara, ba ta da motar tafiya wasa, 'yan wasanta ba uwa ba uba, kwamfuta ce ta haife su ta raɗa musu suna. Su ashirin da huɗu ne a gasar, kowa da tasa ƙungiyar. Bakwai 'yan garinmu ne, Wroxby, sauran suna warwatse daga Winnipeg har Halifax, a intanet suke haɗuwa. Talata da Alhamis da Asabar kowane manaja zai tura jerin 'yan wasansa, kwamfutar ta buga wasan ita kaɗai ta fito da sakamako. Sai ka ga ƙato mai furfura ya tasa allo a gaba yana zagi, wai wani yaro da ba a taɓa haifa ba ya zubar da ci.

Tun da ƙuguna ya ƙi hawan bene suka ba ni ɗakin da ke jikin kicin, shi kuma Lorne a teburin cin abinci yake ajiye kwamfutarsa. To ni ban ce a yi bangon da siririn katako ba. Abin da ya shigo kunnena ya shigo.

Kofi uku ya ci a gasar, kuma duk wanda ya zo gidan sai ya ji labarinsu, har mai gyaran famfo bai tsira ba. Ni ma yakan yi mini karatu ina shan gahawata.

"Mama, kin san manaja na gari? Shi ne wanda idan aka gama musaya, ɗaya mutumin ba zai gane an yanke shi ba sai bayan wata shida."

Na ce, "A zamaninmu ɓarawo muke ce masa."

"Ke ba za ki gane ba."

Na gane sarai. Musaya ba wani abu ba ce, ba ni ɗan wasanka in ba ka nawa. Akwai kuma zaɓe: duk bazara kwamfutar takan haifo sababbin yara, ƙungiyoyi su zaɓa zagaye-zagaye, na farko shi ne mai tsoka, na biyu ba laifi, daga nan sai ƙashi. Su ma waɗannan zaɓuka ana musayarsu. Lorne ya tara su kamar kurege, bai taɓa sakin ɗaya da daɗin rai ba.

A watan Fabrairu na ci karo da littafinsa, baƙi ɗan ƙarami, a cikin durowar da ake ajiye mayafin tebur. Ba zan ce ina neman wani abu ba, buɗewa kawai na yi. Karatuna bai yi nisa ba, amma rubutun Lorne manya-manya ne kamar na ɗan aji biyu. Kowane manaja da shafinsa.

"Merv: Juma'a bayan kwalbar giya ta uku, komai aka tura masa zai yarda."

"Denholm na Halifax: a yabi ƙungiyarsa tukuna. Wawa ne."

"Paulette: kar a taɓa. Mayya."

Ina ta dariya ni kaɗai har na zo shafin Orest Bilyk, a nan dariyar ta tsaya. "Orest: aikin Adele ranar goma sha huɗu ga Janairu. Hankalinsa ba zai zauna ba. A tura tayi da safe." A ƙasa ya ja layi biyu, ya rubuta, "Ya yi."

Orest tsohon ma'aikacin rumbun alkama ne, ƙungiyarsa Zomaye ba ta taɓa cin kofi ba, ko kusa. Amma tun da aka kafa gasar bai taɓa makara da jerinsa ba, kuma duk wanda ya tura masa saƙo sai ya amsa, ko da "na gode, a'a" ne. Idan sabon mutum ya shigo, Orest ne ke kiransa a waya ya nuna masa inda ramuka suke. Matarsa Adele tare muka yi firamare. Ranar da likitoci suka buɗe ƙirjinta a Saskatoon, Orest yana zaune a bakin ɗakin tiyata da kwamfutar da 'yarsa ta kawo masa don ta ɗauke masa hankali, tayin Lorne ya shigo. Ya amsa kamar yadda ya saba amsa kowa, ya danna yarda ba tare da ya duba da kyau ba. Mai tsaron bayansa mafi kyau ya tafi, aka ba shi wani tsoho da ƙafarsa ta riga ta mutu. Bai yi ƙorafi ga kowa ba, ya ɗauka kuskurensa ne.

Laraba muke haɗuwa a zauren coci mu mata goma sha biyu, muna naɗa ferogi na sayarwa, kwaɓin fulawa a tafin hannu, cokalin dankali a tsakiya, a matse baki. Hannu yana aiki, baki ma yana nasa. Ran nan na ari littafin na sa a jaka. Ban yi niyyar karanta wa kowa ba sai Rosalind matar Merv, ita ma a hankali. Sai dai Rosalind kurma ce ta kunne ɗaya, dole na ɗaga murya.

"Kwalba ta uku?" in ji Rosalind. "Ai ni ce mai ƙirgawa, ta biyu ce. Ɗan banza, ya ma ƙara wa mijina daraja."

Aka yi dariya. Na buɗe shafin Orest na karanta. Adele tana can ƙarshen tebur, ba ta daɗe da fara fitowa ba. Ta gama matse wanda ke hannunta, ta ajiye a tire.

"Nettie, maimaita mini ranar."

Na maimaita.

"Da safe ya ce?"

"Da safe."

Ta kaɗe fulawa daga yatsunta. Kafin in mayar da littafin durowarsa da azahar, labarin ya riga ni isa Halifax.

Ba wanda ya ce wa Lorne uffan. Haka mazan nan suke, ba sa faɗa a fili, sai dai ka ga gaisuwa ta gajarce. Da abin ya tsaya nan, da ƙila sun haƙura kafin bazara. Sai ga wasan Alhamis, kwamfutar ta karya masa babban golansa, ta ce mako shida.

A gasar nan akwai doka guda da ba a wasa da ita. Dole kowace ƙungiya ta kasance da gola biyu masu lafiya kafin a rufe musaya, ƙarfe biyar na yammacin Lahadin ƙarshe ta Fabrairu. Idan ƙungiya ɗaya ba ta cika ba, kwamfutar cijewa take yi ta ƙi buga wa kowa wasa. Ya taɓa faruwa, mutum ashirin da uku suka zauna mako guda saboda sakacin mutum ɗaya. Tun daga lokacin suka rubuta: wanda biyar ta buga bai cika ba, a karɓe ƙungiyar a ba na farko a layin masu jiran shiga gasar. Shi ya sa kowa ke ajiye gola uku. Lorne ya sayar da na ukunsa tun Disamba don wani zaɓe, yana cewa masu ajiye uku matsorata ne.

Da farko bai damu ba. Akwai gololi uku marasa ƙungiya a kasuwa, duk mai so ya ɗauka. Ya ce bari ya ci abinci tukuna. Kafin ya ajiye cokali, Merv ya ɗauki ɗaya, Denholm ya ɗauki ɗaya, wani malamin makaranta a Regina ya ɗauki na ukun. Ba wanda ke buƙatar gola a cikinsu.

"Me Merv zai yi da gola huɗu?" Lorne ya tambayi allon.

Na ce, "Ƙila miya zai yi da su."

Juma'a ya tura saƙo ashirin da uku. Ya zauna yana danna maɓalli kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ba amsa sai guda, ta Orest: "Na gani. Bari in yi tunani." Lorne ya yi tsaki, ya ce golan Zomaye na uku ko ƙofar gareji ba zai iya tsarewa ba.

Asabar da rana zai kai ni karɓo magani, sai ya karkata motar shagon tayar Merv. Ya ce in jira a mota. Sanyi ya kai digiri talatin ƙasa da sifili, wa zai jira? Na bi shi da sandata.

Merv yana durƙushe gaban tayar tarakta, bai ɗago ba.

"Mervin, mutumina, ya aiki?"

"Ga shi muna yi."

"Na ga ka tara gololi. Ka sakar mini ɗaya mana, in ba ka zaɓen zagaye na biyar."

"Yau wace rana ce?"

"Asabar."

"Ash, ka makara. Ai sai Juma'a nake yarda da komai." Ya juyo wajena. "Sannu Nettie, ya ƙugun?"

Wuyan Lorne ya yi ja har kunne. Ya dube ni, na duƙufa karanta wata takardar taya da ke jikin bango.

Daga nan sai filin ƙanƙara na gari, wajen Paulette Gaudry. Ita ce kwamishinar gasar, ita ke riƙe da kwamfutar da ke buga wasannin, kuma ita ke sayar da soyayyen dankali a kantin filin duk Asabar. Shekara talatin ta yi tana tsara motocin makaranta, ba a taɓa jin ta ce wa direba "ba komai" ba.

"Paulette, haɗa baki ake yi a kaina, kuma ke ce shugaba. Ki tilasta wani ya sayar mini."

"Wace doka ce ta ce dole a yi ciniki da kai?"

"To ki ɗaga ranar zuwa Laraba."

"Shekara huɗu da suka wuce wani yaro a Brandon ya nemi kwana ɗaya, mahaifinsa ya rasu. Wa ya rubuta mini shafi biyu cewa doka doka ce?"

"Wannan daban."

"Daban ne, shi uba ya rasa."

Lorne ya dafa kanta. "Kofi uku na ci. Ni ne manajan da ya fi kowa a gasar nan, ke ma kin sani."

Ta zuba dankali a mai, ya yi ƙara, ta jira ya lafa. "Ka san mutum nawa suka bar gasar nan a shekararsu ta farko? Biyar. Dukansu da kai suka yi musayar farko. Ni kuma in zauna ina neman wanda zai karɓi ƙungiyar da ka tsotse. Kofi kwamfuta ce ke bayarwa, Lorne, ko jaki ta ga dama sai ta ba shi. Abin da nake nema a manaja, ya turo jeri a kan lokaci, ya amsa saƙo, ya yi cinikin da gobe mutumin zai sake ɗaukar wayarsa. Kai na farkon kawai kake da shi." Ta miƙo mini dankali a takarda. "Karɓi Nettie, mayya ce ta ba ki."

Lorne ya ja mota muka nufi gida. Maganin ma mantawa ya yi, ni kuma ban tuna masa ba, don na ga yadda yake riƙe da sitiyari.

Lahadi bayan coci muna cin kaza, ya ajiye wuƙa.

"Corinne, uwarki ta shiga mini durowa."

"Durowar mayafin tebur ce," na ce. "Ni na saƙa rabinsu."

"A gidana kike, a teburina kike ci, ki ɗauki sirrina ki kai wa tsofaffin gulma."

"Mu goma sha biyu ne, sai ka rubuta mu ma a littafinka. Kowace da ranar da hankalinta ba ya jikinta."

Corinne ta ce, "Mama, ya isa." Sannan ta juya wajen mijinta. "Ranar aikin Adele ni na kai musu miya gida. Da ka ce in tambayi ƙarfe nawa za a shiga da ita, na ɗauka addu'a za ka yi."

"Wasa ne fa, Corinne. Mutanen ma babu su."

"To in babu su, me ya hana ka cin kazarka?"

Ya ture farantin ya jawo kwamfuta. Ƙarfe biyu, ba amsa. Ƙarfe uku ya ƙara farashi, zagaye na huɗu ga duk mai so. Denholm ya aiko da layi ɗaya: "Ka manta ba ka yabi ƙungiyata ba tukuna."

Huɗu da minti ashirin aka buga ƙararrawar ƙofa. Orest ne, da hular kunne, gashin bakinsa duk ƙanƙara. A ƙafa ya zo daga can bayan layin dogo, don likita ya ce ya riƙa takawa. Ya ƙi shiga, ya tsaya kan tabarmar takalma.

"Adele ba ta so na zo ba," ya ce. "Merv ma ya kira ni sau uku don ya hana ni. Amma ban ga amfanin a kori mutum don golansa ya karye ba. In za a kore ka, a kore ka don halinka, a zauna a faɗa maka a ido. Na tura maka tayi kafin in fito. Golana na uku, kai kuma zaɓen zagaye na biyu na bana. Shi ne farashin da aka yi irinsa sau biyu a Nuwamba, ka duba. Ban ƙara ba, ban rage ba."

"Na biyu? Don wannan rariyar?"

"Rariya mai lafiya ce."

"Zauna mu yi magana, Orest. Mama, a kawo gahawa."

"Ba ciniki na zo yi ba. Danna yarda kawai za ka yi." Ya gyara hularsa. "Sai anjima Nettie. Corinne, mun gode da miya."

Ya tafi. Lorne ya koma tebur. Tayin yana kan allo, ga maɓallin yarda kore shar, ko ni na gan shi daga inda nake.

Corinne ta ce, "Danna mana."

"Dakata. Shi ya tako har nan cikin wannan sanyin. Mutumin da ya tako, yana son cinikin ne."

"Tausayinka ya ji."

"Tausayi ma rauni ne. Zai karɓi na uku."

Na ce, "Lorne, ba na ƙaunarka, kowa ya sani. Amma danna."

Da ban yi magana ba ƙila da ya danna. Ya dube ni, ya yi murmushin nan nasa na gefen baki, ya goge biyu ya sa uku, ya tura. Biyar saura kwata.

Abin da shi da kansa ya sha koya wa sababbin shiga bayan ya yanke su, shi ne ya manta: a kwamfutar nan, idan ka mayar da tayi da naka farashin, na farkon ya mutu. Koren maɓallin ya ɓace. Yanzu sai Orest ya zauna gaban tasa kwamfutar ya yarda, Orest kuwa yana can yana taka ƙanƙara a hankali, kuma ba ya yawo da wayar hannu, ya ce ta masu gaggawa ce.

Minti biyar Lorne yana kaɗa ƙafa. Sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya yi maza ya sake tura wani, zagaye na biyu kamar yadda aka ce. Sannan wani, na biyu da na huɗu. Duk suna jiran hannun Orest. Ya ɗauki wayar gida ya buga, cikin gaggawa har ya danna abin da ke sa kowa ya ji.

"Gidan Bilyk," in ji Adele.

"Adele, Lorne ne. Orest ya iso?"

"Yanzu ya shigo."

"Don Allah ki ce ya hau kwamfuta, minti shida ya rage."

"Yana cire takalmi."

"Ya bar takalmin, ya danna kawai."

"A kan kafet ɗina? Da ƙanƙara?" Ta yi ɗan tari. "Ka san tun da aka yi mini aiki ba na iya goge ƙasa. Goma sha huɗu ga Janairu ne, ko ka manta? Da safe."

"Adele, na roƙe ki."

"Igiyar ɗayan ta ƙulle. Idan ya kwance zan faɗa masa ka kira."

Ba ta ajiye wayar ba. Ta ɗora ta a tebur, muna jin Orest daga nesa yana tambaya wane ne, ita kuma tana cewa ya zauna ya huta tukuna, ruwan shayi ya kusa tafasa. Lorne yana ta kiran sunansa cikin wayar har agogon kicin ya buga biyar.

Biyar da minti biyu saƙon Paulette ya shigo wa kowa. Kyarketai ba su cika gola biyu ba, an karɓe su bisa doka, an ba wata likitar haƙori a Moose Jaw da ta shekara huɗu a layin masu jira. Biyar da minti goma na Orest ya shigo, don shi ba ya barin saƙo ba amsa: "Na ga tayinka uku. Lokaci ya wuce. Da na farkon ka danna."

Litinin Lorne bai je aiki ba. Sau uku ya kwashe dusar ƙanƙarar ƙofar gida, alhali sau ɗaya ta zuba. Da ni ba ya magana, sai dai ya ce wa Corinne ta gaya wa uwarta ta miƙo gishiri. Talata da rana na ji yana bugawa a hankali, yana gogewa, yana sake bugawa. Ashe Paulette yake roƙo ta sa sunansa a kan layin masu jira.

Ta amsa masa kafin magariba. Ta ce ta sa, shi ne na goma sha ɗaya, kuma ya sani mutanen gasar nan suna da tsawon rai.